Goggo Lukiya: Kin Gaya Mini, Na Ce Sai Bayan Girbi

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Goggo Lukiya Abiti Swaleyi, wato 'yar Swaleyi, a ɗakinta da ke bayan kasuwar kifi, nan ƙauyenmu na bakin tafki a gundumar Mangochi. Wanda ya ba mu aronta ne ya karɓi abinsa, mu ma duk wurinsa muka nufa. Ina shanya ƙananan kifin nan, usipa, a bakin ruwa ɗanta Jafali ya zo ya tsaya a kaina. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Yaya Mwanahawa, ta tafi." Aka yi mata sutura bayan la'asar.

Ba wanda ya san shekarunta daidai. Idan aka tambaye ta takan ce ta girmi kwaltar da ta ratsa Mangochi, mai son lissafi ya je ya tambayi kwaltar. A wurin zaman makoki dattawan gari sun yi ta tambayar ko su waye waɗannan baƙin matan da suka cika tsakar gida har waje, wasu daga Namwera, wasu daga can Makanjira. Sai da suka duba yaran da matan suka riƙo, kowanne da siririn tabo daga gindin hanci zuwa leɓe, sannan suka gane.

Goggo, ni ce uwar Asiyatu. An ce in rubuta wani abu a kanki don na fi kowa sanin ki. Na karɓa, amma ba yabo kaɗai zan iya rubutawa ba, domin ba shi kaɗai ke cikina ba.

An haife ki da leɓe a tsage, ganɗarki kuma, wato rufin baki, a buɗe har cikin hanci, a zamanin da ba wanda ya taɓa jin ana ɗinke irin wannan a ƙasarmu. Kin ba ni labarin yadda mahaifiyarki ta rayar da ke: takan tatsi nononta a ɓawon katantanwa ta ɗiga miki kaɗan-kaɗan, ƙannenta suna ce mata ta daina wahalar da kanta. Kika rayu, kika yi aure, kika haifi Jafali, kika binne miji, kika zauna da kwandon usiparki a kasuwa. Maganarki ta hanci take fita. Wanda bai saba ba sai ya ji kamar ana magana a bayan ƙofa. Mutanen gari kuwa ba su taɓa wahalar da kansu su saba ba. Abin da suka koya shi ne gyaɗa kai. Ki yi ta bayani, su ce, "To, to, Goggo, haka ne," su ɗauki kifinsu su wuce. Mata masu ciki ba sa bi ta gabanki. In ya zama dole, sai su ja gefen zani su kare fuska, don an ce wadda ta kalle ki da ciki za ta haifi irinki. Ke kuma ki ɗaga murya ki ce, "Yi sauri, 'yar nan, ga shi nan yana bin ki!"

Akwai ranar da wani matashi mai tura kaya ya toshe hancinsa yana kwaikwayon ki, abokansa na dariya. Kika bar shi ya gama, kika ce, "Ni haka aka ba ni bakin, da shi nake ci da kaina. Kai da aka ba ka lafiyayye, me ka taɓa faɗa da shi da ya amfani uwarka?" A ranar ban gane abin da kika ce ba, sai da mai gawayi da ke kusa da ke ya maimaita, kasuwa ta ɗauki ihu. Ni ma a lokacin ina cikin masu gyaɗa kai.

Sai Allah ya ba ni Asiyatu.

Da ungozoma ta ɗago ta, sai ta yi maza ta rufe ta da zani. Aka miƙo mini ita a naɗe. Na ga leɓen, na leƙa bakin na ga rami inda ya kamata a ce rufi ne. Kafin in yi kuka surukata ta riga ni magana. Ta ce, "Ban hana ki sayen kifi wurin matar nan ba? Ai ga shi nan, kin saya har da gyara."

Ma'aikaciyar jinya ta nuna mini yadda zan tatsi nono in ba ta da kofi, ta kuma ce ana yin aikin ɗinke shi a birnin Blantyre in yarinya ta yi ƙwari. Ta yi iya nata, amma ga layin mata a bayana. Da muka dawo gida komai ya rikice. Asiyatu ta kama nono ta kasa zuƙa. In na ba ta da kofi ta ƙware, nonon ya biyo ta hanci, ta yi ta tari har fuskarta ta canja. Kafin in gama ba ta na safe, lokacin na gaba ya yi. Na daina zuwa gona, na daina zuwa rijiya sai an watse. Manyan 'ya'yana biyu suka koma cin abinci a gidan maƙwabta. Masu zuwa barka ba barka suke zuwa yi ba, kallo suke zuwa, har na riƙa cewa tana barci. Mijina Bwanali, wanda da ba ya wuce kwana ɗaya a ruwa, sai ya koma kwana a sansanin masunta. Bai zage ni ba, bai ce ba 'yarsa ba ce. Kallonta ne ya kasa yi. Yarinyar kuwa kullum ƙanƙancewa take, har fatar cinyarta ta fara naɗewa kamar ta tsohuwa. Ba zan ɓoye ba, na kai inda nake roƙon Allah in tafiya za ta yi ya sauƙaƙa mata.

Wata safiya sai ga ki a ƙofar gida da kwando a ka. Surukata ta tare hanya ta ce, "Me kuma kika zo yi? Wanda kika yi bai isa ba?"

Kika sauke kwandon kika ce, "Ba wurinki na zo ba. Ƙanwata na zo gani."

Kika wanke hannu, kika zauna a tabarma, kika miƙo hannu biyu. Na ba ki Asiyatu don ba ni da ƙarfin musu. Kika zaunar da ita a cinyarki a miƙe kamar babba, ba a kwance ba yadda nake yi. Kika sa na tatso nono, kika ɗiba da ƙaramin cokali, kika zuba ta gefen kumatun da ba tsaga, kika jira ta haɗiye, kika shafa bayanta har ta yi gyatsa, kika sake. Kina yi kina mini bayani, ni kuma ban gane ko rabi ba. Na fara gyaɗa kai kamar kowa. Sai kika kama haɓata kika juyo da fuskata, kika maimaita a hankali, kika sake maimaitawa, har kalmomin suka fito mini ɗaya bayan ɗaya. Cewa kike, "Kalle ni da kyau. Na mutu? Wannan ma za ta girma ta yi ta ɓata miki rai har ki tsufa."

A ranar Asiyatu ta yi barci da ciki a cike. Ni ma na yi.

Daga nan kullum kafin ki tafi kasuwa sai kin biyo. Wata rana ki ciyar da ita ki ce in je in yi wanka kamar mutum. Wata rana ki share tsakar gida, ki kori manyan su je makaranta. Surukata ta yi ta gunaguni har ta gaji, daga baya ita ce ma mai ajiye miki kunu. Ban taɓa jin kin tuna mata abin da ta faɗa ba.

Bwanali kuwa har bakin ruwa kika bi shi. Shi da kansa yake ba da labarin yanzu. Yana gyaran koma a tsakiyar abokansa kika tsaya a kansa kika ce, "Bwanali, wannan kifin da kake kwana wurinsa, ya haifa maka 'ya ne? In ya haifa ka kawo mu gani, ko ita ta fi kyau." Abokan ba su gane ba, suka ce me take cewa. Shi ya gane sarai, ya ce musu gaisuwa ce. Da yamma ya dawo gida. Kika ɗora masa yarinyar a cinya, kika danƙa masa cokali, ya tsaya yana jujjuya shi. Kika ce, "Mutumin da ke tuƙa kwale-kwale cikin iska, cokali ne zai gagare shi?" Kafin wata ya ƙare ya fi ni iyawa. Har yau Asiyatu 'yar babanta ce.

Da ta yi nauyin da ake so aka kira mu Blantyre, ke kika rufe kwandonki kika raka ni, don ban taɓa wuce Liwonde ba. A can aka ɗinke leɓen, bayan ta shekara kuma muka koma aka rufe ganɗar. A zuwa na biyun ne likitan, wani dattijo mai sanyin magana, ya dube ki ya ce in kina so ke ma za a iya ɗinke miki leɓen. Ya gaya miki gaskiya cewa a shekarunki maganar ba za ta canja sosai ba. Kika yi dariya kika ce in gaya masa mijin da za ki yi wa kwalliyar ya riga ya kwanta, in kuma kin koma da sabon baki masu cin bashin kifi za su ce ba ke ba ce. Kowa ya yi dariya a ɗakin. Amma a mota muna dawowa tun daga fitarmu gari har muka wuce Zomba kina kallon fuskarki a gilashin taga. Can kika ce, "Da tun ina budurwa ya zo."

Ban taɓa ganin kin ci abinci a gaban mutane ba. A biki ko a makoki sai ki ɗauki kwanonki ki zagaya bayan ɗaki, saboda miya kan biyo miki ta hanci. Ranar da muka yi walimar warkewar Asiyatu, mun yanka kaza, an tuƙa nsima, tuwon masararmu, kika ɗauki kwano za ki zagaya. Bwanali ya ce wallahi in kika tashi shi ma a bayan ɗaki zai ci, da shi da baƙinsa duka. Kika zauna. Kika ci da mu, da ɗan ƙyalle a hannu, ba wanda ya ɗaga kai. Daga baya kika ce mini kazar ta yi gishiri.

Labari ya bazu. Ma'aikaciyar jinyar da kanta ta fara turo miki duk matar da ta haifi irin Asiyatu. Su zo a firgice, jariri a ƙudundune har ka, ke ki nuna, ni in fassara, domin zuwa lokacin kunnena ya saba da ke har ba na jin bambanci. Kika riƙa ce mini "bakina". In baƙuwa ta zo sai ki aika a ce, "Ku kira mini bakina." Esnati daga Makanjira, wadda mijinta ya kora ya ce a danginsu ba a haihuwar haka, a ɗakinki ta zauna har ɗanta ya yi ƙwari. Wata maƙwabciya ta ce miki, "Goggo, kin san 'yar coci ce ko?" Kika ce, "To? Yaron da coci yake ƙwarewa ko da nono?" Kin san wace ce ba ta yi barci ba, wace ce mijinta ya daina magana, wace ce ta bar sana'a, wace ce babbar 'yarta ta bar makaranta don raino. Ba jaririn kaɗai kike dubawa ba. Kin sha gaya mini cewa tsagar a bakin yaro take, amma gidan gaba ɗaya take bi.

Da Asiyatu ta shiga makaranta yara suka fara kwaikwayon maganarta, don har yanzu da ɗan saura. Ta dawo tana kuka ta ce ba za ta koma ba. Ni lallashi na yi ta yi. Ke kuwa zaunar da ita kika yi kika koya mata amsoshi masu zafi, har sai da malaminsu ya aiko a ce a ja mata kunne. Kika ce a gaya wa malam ƙanwarki ce, gado ta yi.

Wannan ita ce matar da ta zo ta same ni a gona bara, ana tsakiyar karyar masara.

Kin zo a hankali, ba irin tafiyarki ba. Kika zauna a kan kunya, kika jira 'yan taya ni aiki suka yi nisa. Kika ce, "Mwanahawa, jini ya dawo mini. Ni da na gama da wannan tun Jafali bai yi aure ba." Kika ce kin je ƙaramin asibiti ke kaɗai. Layi ya yi tsawo, wanda ke duba mutane yaro ne sa'an ɗanki, ya gaji, ga maza a bayanki suna jiran a kira su. Kin faɗa a hankali bai gane ba, kin ji kunyar ɗaga murya da irin wannan magana. Kika nuna masa mara da baya, ya ba ki maganin ciwon jiki. Ba ki ga laifinsa ba. Kika ce, "Ki raka ni babban asibitin gunduma. Ki zama bakina."

Goggo, na ji ki. Ba zan iya fakewa da abin da wasu ke fakewa da shi ba. Kowace kalma ta shiga kunnena. Na dubi masarar da ta rage, na dubi sama na ga hadarin ƙarshen damina, na ce, "Goggo, bari mu gama girbi, sai mu je a natse."

Kika ce, "To, bayan girbi." Kika tashi kika taya ni karya layi guda kafin ki tafi.

Aka gama girbi, sai kunnen Asiyatu ya fara zubar da ruwa, irin ciwon da ke yawan bin yaran nan. Hankalina ya koma can. Muka sake ɗaukar hanyar Blantyre, ke kika rako mu tasha da ƙullin soyayyar gyaɗa. Motarmu ta bi ta ƙofar asibitin gundumar. Na ga ƙofar, na tuna, na ce a raina da mun dawo. Da muka dawo sai ga bikin ƙanwar Bwanali. Wata rana a kasuwa kika ce mini cikin wasa, "Bakin nan nawa ya yi tsada, ba ya samuwa." Na yi dariya na ce, "Haba Goggo, makon gobe insha Allahu." Kika yi murmushi. Ba ki sake tambaya ba. Ni kuma da na ga kin daina, sai na gaya wa kaina sauƙi ne ya samu, don haka ya fi mini daɗi.

A cikin watannin nan har sabuwar mai jego na kai miki. Na ga kin dafa bango kafin ki zauna, na ga zaninki ya yi miki yawa, na ga kin miƙa mini cokalin kin ce in nuna mata da kaina. Na ce a raina tsufa ne. Ban tambaya ba. Mun saba ke ce mai tambayar kowa.

Sai ranar da muke wankan gawarki na san ba ni kaɗai kika nema ba. Matar Jafali ta ce kin yi mata wata doguwar magana a madafa, kina nuna cikinki, ta ɗauka yunwa kike ji ta zuba miki abinci. Abiti Daudi, maƙwabciyarki ta shekara da shekaru, ta rushe da kuka ta ce kin tsayar da ita a rijiya, ta ce miki "to, to, Allah ya kyauta", ta zaci zancen tsadar gawayi kike. Jafali yana gane maganarki, amma wace uwa ce za ta gaya wa ɗanta namiji irin wannan? Suna faɗa suna kuka, ni ina zuba ruwa. Su ba su ji ba. Ni na ji.

A watan Janairu, ana ruwa, kika faɗi a kasuwa kusa da kwandonki. Aka nemo mota. A ranar ban ce sai bayan komai ba, amma zuwa lokacin ba ke ce kike roƙo ba.

A asibitin gunduma wata ma'aikaciyar jinya mai furfura ta ja labule, ta zauna kusa da ke, ta tambaye ni in tambaye ki tun yaushe abin ya fara. Kin ji tambayar, ba ki jira ni ba. Kika ce, "Kwanan nan ne." Kika dube ni, kika ƙara da cewa, "Gaya mata kwanan nan ne."

Matar tana jira da alƙalami a hannu. Ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Duk abin da na faɗa shi za ta rubuta. Na san abin da kike yi, Goggo. Kina kwance jini na zuba, amma fuskata kike karewa. Na ce wa matar, "Tun kafin girbin bara. Ta gaya mini tun lokacin." Ta ɗago ta dube ni, ta mai da kai ta rubuta. Da ma ta zage ni. Ke kuwa tsaki kika yi kika ce, "Baki ba ya jin magana."

Bayan gwaje-gwaje likita ya kira ni da Jafali. Ya ce ciwon daji ne na bakin mahaifa, ya riga ya bazu, abin da ya rage shi ne a rage miki zafi. Na tambaye shi da an zo tun bara fa. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, wataƙila tun lokacin ma ya yi nisa, amma da an sami abin gwadawa. Na riƙe rabin farko na maganarsa ina ta juyawa ko zai sauke mini nauyin. Bwanali ma yana ce mini kwana ne ya ƙare, ba wanda ke ƙara wa wani. Na yarda da haka, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma kwananki daban, abin da kika roƙe ni daban. Tafiyar wuni guda kika nema a wurina, ke da kika ba ni safiyoyinki har ban san adadinsu ba.

Muka dawo da ke gida. Esnati ta zo ta zauna, sauran matan suka riƙa karɓa-karɓa. Ba ki daina tsokana ba har sai da ƙarfi ya ƙare. Kin ce wa Bwanali ya daina tsayawa a ƙofa da fuska kamar kifin jiya. Kin sa Asiyatu ta karanta miki littafin makaranta, kina gyara mata inda iska ke kuɓuce mata ta hanci, ke da ba ki taɓa shiga aji ba. Ban ji kin ambaci girbi ko sau ɗaya ba. Ni ma na kasa. Kullum in zo da niyya, in ƙare da gyara miki matashi.

Ranar Talata da la'asar, jajiberin rasuwarki, ɗakin ya rage daga ni sai matar Jafali, Asiyatu na zaune a bakin ƙofa. Na durƙusa na kama hannunki na ce, "Goggo, kin gaya mini, na ce sai bayan girbi. Ki yafe mini."

Kika buɗe ido kika dube ni sosai. Kika yi magana, doguwa, ba kalma ɗaya ko biyu ba. Amma numfashinki ya yi ƙasa, muryar ta zama iska kawai. Ban gane ba. Ni da nake fassara ki ga likitoci da baƙi, ban tsinci ko kalma guda ba. Na ji kaina na shirin gyaɗawa, na riƙe shi. Na ce, "Ban ji ba, Goggo. Sake faɗa." Kika tattara ƙarfi kika sake. Na kai kunnena har bakinki. Na ce, "Wallahi ban ji ba." Kika ɗan motsa kafaɗa kamar mai dariya, kika matse yatsuna, kika rufe ido. Daga nan ba ki sake magana da kowa ba.

Matar Jafali ta ce "na yafe" kika ce. Na gode mata, amma na san maganar ta fi haka tsawo. Asiyatu ta ce ita kamar sunanta ta ji. Wataƙila yafewar ce. Wataƙila faɗa kika yi mini, wanda na cancanta. Wataƙila ma cewa kika yi a kwashe kifin da ke shanya kafin ruwa ya sauko. Na yi ta maimaita sautin a kaina ina wanki, ina tafiya rijiya, ban kai ga komai ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Jafali da matarsa da 'ya'yansu, da dangin Swaleyi na nan da na Namwera. Ku yi haƙuri da rashin, ku kuma yi haƙuri da ni. Ina yi wa Esnati da duk matan da suka taɓa zama a tabarmar Goggo da jariri a cinya ta'aziyya, domin mu ma uwa muka rasa. Wanda ke da tsoho a gida da ya ce masa "raka ni", don Allah ya ajiye abin da ke hannunsa.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Lukiya 'yar Swaleyi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi. Ka saka mata da kowane cokali da ta kai bakin jaririn da ba nata ba. Ka haɗa ta da mahaifiyarta da ba ta gaji da ita ba, ka sa Aljanna ce makomarsu. Ka ba iyalinta dangana, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Abin da ta faɗa mini ranar Talata ni ban ji ba, amma Kai ka ji. In yafewa ce, ka karɓa mini. In kuma ƙara ce ta kai, to gaskiya ta faɗa, ka sassauta mini.